Murfin Kwalba Ta Goma Sha Huɗu

Tun safe Dakta ta kasa zaman minti biyar a kujera. Ta buɗe firiza ta rufe, ta leƙa ɗakin rainon tsirrai ta dawo, ta haɗa shayi ta manta da shi a bakin taga. Ita da aka sani da sanyin hali, yau ko ƙarar fanka haushi take ba ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta buga maƙalar da ta fito da sunanta. A ciki ta nuna cewa wata ƙwayar halitta ce ke sa ganyen tumatir ya tara sinadarin da ke hana shi yaushi lokacin fari. Masu bincike ɗari tara da 'yan kai sun kafa hujja da aikin. Gobe kwamiti zai zauna kan ba ta kujerar farfesa, kuma mahaifiyarta ta riga ta baza labarin a dangi, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Wata uku da suka wuce wata ɗalibar digiri na uku a wata jami'a ta turo mata imel, wai ta bi hanyar maƙalar tiryan-tiryan, sakamako ya ƙi fitowa. Dakta ta karanta rabi, ta ja tsaki ta rufe. Amma abin ya tsaya mata a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa, har ta ciro tsofaffin samfuranta ta sake gwadawa. Jiya amsa ta fito: abin da ke cikin kwalba ta goma sha huɗu ba na tsiron da ta ambata a maƙalar ba ne.

Kawu ne ya gano yadda aka yi. Shi ne dattijon da ke kula da kayan ɗakin bincikensu tun kafin a ɗauke ta aiki. Ya ɗaga kwalabe biyu ya nuna mata.

"A murfi kika rubuta lamba, jikin kwalbar ba komai. Kin buɗe biyu lokaci ɗaya, kika mayar da murfin wannan a kan waccan."

"Ka tabbata ni ce?"

"Dakta, wannan huɗun naki mai kama da kujerar da ta karye, ko a mafarki na san shi."

Ba ta yi dariya ba. Kawu ya rage murya.

"Daga ni sai ke muka sani. Ki bari kwamiti ya tashi tukuna. Kuskuren da ya kwana shekara goma sha ɗaya, kwana biyu ba za su ƙara masa komai ba."

Gaskiya ta so shawarar. Tana son kujerar nan, so mai tsanani, kuma tana jin tsoron kallon da za a bi ta da shi a baranda. Ta sauka ƙasa ta zagaya wurin ajiye motoci sau biyu, ta hawo tana haki. Ta zauna gaban kwamfuta ta nemo imel ɗin, wannan karon ta karanta har ƙarshe.

Shekara huɗu ɗalibar ta yi a kan aikin. Malaminta ya ce in zango ya ƙare ba sakamako, ta tattara nata ya nata. Ɗalibar ta rufe saƙon da cewa, "Na fara yarda ni ce ban iya aiki ba."

Dakta ta duba kalanda. Zangon ya ƙare mako biyu da suka wuce.

Kunya ta rufe ta. Ta rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar cewa ta janye ta, ta tura wa shugaban kwamiti kwafi kafin zuciyarta ta sauya. Sannan ta kira lambar da ke ƙasan imel ɗin.

An jima kafin a ɗauka. Dakta ta faɗi ko ita wace ce.

"Ai na bari, ranki ya daɗe," in ji ɗalibar. "Na dawo gida."

"Ki saurare ni. Aikinki daidai yake. Maƙalata ce ba daidai ba, ni na musanya samfuran. Yau zan rubuta wa malaminki."

Dakta ta duba wayar ko layin ya yanke. Can ta ji muryar ɗalibar.

"Don Allah ki sake faɗa. Babana yana nan kusa, ina so ya ji da kunnensa."