Kududdufin da Munzali Ya Cike

Tun da Basma ta nutse a kududdufin bayan gidansu a Kangire, hantsi bai sake samun uwarta Bara'atu a gida ba. Da ta gama shara sai ta yafa mayafi ta tafi bakin ruwa ta zauna. Mutanen unguwa, da ba a raba su da tsoma baki, suka yanke cewa aljanun ruwa ne suka kama ta.

Babu wani aljani. Mazari take kallo, ƙwarin nan masu shawagi a kan ruwa. Basma ce ta fara kallonsu, yarinya 'yar shekara bakwai mai surutun tsiya, wadda ta raɗa wa kowane iri suna. Jan nan mai kauri, da ke sauka kan kara ya baje fikafikai, shi ne Ɗan Sanda, don ba ya barin kowa ya gifta gefensa. Siraran shuɗɗan nan kamar allura, masu haɗe fikafikai a baya in sun sauka, su ne 'Yan Islamiyya, wai don sun fi natsuwa. A da Bara'atu korarta take yi, ta ce ta ishe ta da shirme. Yanzu ta san su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan kaɗai take iya tuna muryar 'yarta ba tare da ta fashe da kuka ba.

Mijinta Munzali, direban tifa, shi ya tsamo yarinyar da hannunsa, ko kallon wajen ba ya iya yi.

"Don Allah ki daina zuwa can," ya ce mata. "Kashe kanki za ki yi."

"Malam, ka bar mini kududdufin nan. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya juya ya fita. Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka ya yarda.

Bayan kaka, da ruwa ya ja baya, ya lallashe ta ta je Gwaram wurin yayarta ta huta. Tana tafiya ya kira gayya. Ya yi ta jido jar ƙasa da tifarsa yana zubawa a kududdufin, matasa suna bajewa da shebur, dattawa suna sa masa albarka. Tsakani da Allah taimakonta yake nufi.

Ranar da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya bayan gida. Sai fili fetal. Har wani maƙwabci ya shimfiɗa sabon baƙin tamfol zai shanya dawa, yana ta ƙyalli a rana. Ta rasa ma daidai inda take zama a da.

Munzali ya biyo ta. "Yanzu hankalinki zai kwanta," ya ce a hankali.

Ba ta dube shi ba. Wata mazari ce ke shawagi bisa tamfol ɗin, tana sauka tana dangwala jela, ta tashi, ta sake dangwalawa.

"Ƙwai take zubawa," in ji Bara'atu. "Ta ɗauka ruwa ne. Kafin azahar rana ta ƙone su."

Ta shiga gida ta kinkimo tulu, ta juye a kan tamfol ɗin. Ruwan ya gangara, jar ƙasa ta shanye shi nan take. Ta koma ta ɗebo wani. Munzali bai hana ta ba. Ya durƙusa a kan ƙasar da ya zuba da hannunsa, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.