Yadda Na Raba Umair da Tattabarunsa

Ranar da sakamakon Umair ya fito, ba shi ya faɗa mini ba, uwarsa Larai ce. Ta ajiye mini kunu a zaure, ta ce yaron ya faɗi darasi biyu, kuma makarantar ta ce in ya sake faɗuwa a wannan zangon, sai ya tattara littattafansa ya dawo gida.

Ni ban wuce aji uku na firamare ba, amma na san kora. Umair ne na uku a 'ya'yana, shi kaɗai ya kai babbar makaranta, harkar gine-gine yake karantawa. Na ƙwala masa kira.

Abu uku ke cin ranar yaron nan. Da safe lacca. In ya dawo ya zauna kusa da ni a zaurenmu na Ƙofar Galadima, mu yi ta aikin babbar riga da hannu har magariba. Na uku kuwa tattabaru, waɗanda ya rataya wa tsofaffin tukwane a katangar bayan gida.

"Ɗaya zai tafi," na ce.

"Wanne, Baba?"

"Mai fiffike."

Larai tana bakin ƙofa ta ce, "Malam, tsuntsayen nan fa gero kawai yake watsa musu ya wuce. Allura ce ke cinye masa yini."

Na ce ban tuna na tambaye ta ba. Allura ce ta ciyar da kakansa, ta ciyar da ni. Tattabara kuwa ban taɓa jin wanda ta ciyar ba, sai dai a ciyar da ita.

Washegari yana fita lacca na rufe bakin tukwanen, na kame tattabarun tsaf na zuba a kwando, na kai wa Mustapha, ƙanin Larai, a Tudun Jukun. Ya leƙa kwandon ya ce, "Yaya, bari a fige musu dogayen gashin fiffike. In ba haka ba gida za su koma."

Na ce, "A gidanmu ba a ba da kyauta a fige. Wannan sai kaza, ita ma bayan an yanka."

Ya ce to. Na buɗe kwandon da hannuna a tsakar gidansa, muka sha fura, na hau keke napep, na tsaya na yi azahar a hanya. Ina shiga gida na same su jere a kan katanga. Ɗaya har tana wanka a kaskon ruwa.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Larai. "Baƙinka sun iso tun ɗazu."

Karo na biyu Mustapha ya zo da kansa. Ya fige su, ya ce ƙauye zai kai su wajen mai kula masa da gona. Na juya baya na dubi bango har ya gama, don kada wani ya ce da ni aka yi.

Da la'asar sai na ji tsuwa daga tukwanen. Na leƙa. 'Yan shila huɗu ne, ko gashin kirki ba su yi ba, baki a buɗe. Babu wanda ya gaya mini an yi ƙyanƙyasa.

Umair ya dawo, ya dubi katanga, ya dubi tukwanen. Ya jiƙa dawa, ya tauna, ya ɗauki ɗan shila ya kara bakinsa a nasa. Ashe haka ake yi in babu uwa. Tsuntsun ya cusa baki tsakanin leɓɓan yaron yana zuƙa yana rawar jiki. Ya gama da ɗaya ya ɗauki ɗaya.

Daga ranar, abin da a da watsa gero ne ya zama reno. Da asuba ya ba su. Tsakanin lacca da lacca ya hau mota ya dawo cikin gari ya ba su, ya koma ya tarar an yi nisa. Da yamma ga allura. Na ce a yanka su a huta. Larai ta ce in nuna mata inda naman yake.

A lokacin muna riƙe da rigar Alhaji Bahago, farar shadda, wadda zai sa a ɗaurin auren ɗansa. Umair ne ya fara askar ƙirjin, wato adon zaren da ke gaban rigar, kuma a wurinmu hannun da ya fara aska shi ke gama ta. Hannu biyu ba sa jan zare iri ɗaya, mai ido daga nesa zai gane. Saboda haka ba zan karɓa ba, shi kuma ba zai ajiye ba. Littafi yana gefensa a buɗe, shafin da na gani ranar Asabar shi na gani ranar Talata. Ban iya karanta shi ba, amma akwai zanen gada a jiki, gadar kuma ba ta motsa ba.

Ranar da za a fara jarrabawa na fito na same shi a tsugune, jaka a baya, baki cike da dawa. Rana ta ɗaga. Ya ba biyu, saura biyu.

"Tashi ka tafi."

Ya nuna mini tsuntsayen da ido.

"Tofar da abin nan ka tafi, na ce. Miƙo tsuntsun."

Ya miƙo. Ya tsaya a ƙofa yana kallo, sai da na ɗaga takalmi ya wuce.

Dawa jiƙaƙƙiya ba ta da daɗi. Bakin ɗan shila kuma yana da tsini fiye da yadda ake zato, ga gemu yana shiga tsakani. Na kwaso su a kwando na kawo zaure don in riƙa ganinsu, na naɗe shaddar na sa a kan kabad, don na ga abin da suke yi wa tabarma.

Ina cikin ba su na hantsi Alhaji Bahago ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya. Na amsa da hanci.

"Malam Abdullahi, lafiya?"

Na gama da wanda ke hannuna, na goge gemu. "Lafiya lau, Alhaji. Bismillah, zauna."

"Na zo ganin riga ne. Biki ya matso."

"Mai hannun yana jarrabawa. Ba zai taɓa allura ba sai ya gama."

"To kai fa?"

"Ni ba ni na fara ba. Kuma ka ga bakina da aiki."

Ya ce bikin ba zai jira jarrabawa ba. Na ce haka ne, jarrabawar ma ba za ta jira biki ba. Ya karɓi shaddarsa da rabin aska a ƙirji, ya ce akwai masu keken ɗinki a Tudun Wada da za su gama kafin jibi. Na ce Allah ya ba su sa'a. Tun zamanin babana gidansu ke kawo mana ɗinki. Bai sake kawowa ba.

Umair ya yi makonnin nan ba allura ba tsuntsu, sai littafi da bacci. Ban san yaron yana jin bacci haka ba. 'Yan shilan suka yi gashi, suka fara tsattsagar gero da kansu, amma ko Umair ya kira su ba sa zuwa. In na fito alwala, a kafaɗata suke sauka.

Da sakamako ya fito, da kansa ya zo zaure ya durƙusa.

"Baba, na haye. Duka."

"Da maki mai yawa?"

"Da ƙyar dai."

"Ƙyar ɗin ma hayewa ce. Ka ga amfanin raba ka da tsuntsaye."

Ya ce ya gani. Sannan ya ce ko zai karɓi huɗun nan yanzu, tunda an yi hutu.

Na ce ya nemi nasa.