Jar Kazar Mama Wari

Ambai ba ta yi niyyar kashe kazar ba. Da safe ta fito ta tarar da ita a fangalin kabeji, ta tone shukar kaf, kuma ba yau ta fara ba. Guntun icen da ke hannunta ta wurga mata. Kazar ta yi tsalle ɗaya ta faɗi tana shure-shure.

Jar kazar Mama Wari ce, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan shingensu. Ambai ta waiga. Babu kowa sai hazon da ke saukowa daga tsaunukan Goroka. Ta ɗauke kazar ta shige madafa, ta fige ta, ta binne gashin a gindin ayaba.

Tana cikin yanka ta ji takun mutum, ta yi maza ta rufe naman da ganye. Mama Wari ce, da jakar saƙa cike da 'ya'yan coko, wani kayan miya mai yaɗo kamar kabewa, koraye manya kamar fiya.

"'Yata, karɓi. Ya yi mini yawa, har rufin ɗaki ya haye. Af, ba ki ga jar kazar nan tawa ba? Kwanci take yi, ƙwan sun kusa ƙyanƙyashewa."

"Ban gan ta ba, Mama."

"Marar kunya, tana can tana ɓarna a lambun wani. In ta shigo miki ki kore ta, kada ki ji nauyina."

Da tsohuwar ta tafi, Ambai ta feraye cokon a cikin ruwa don kada danƙonsa ya kama mata hannu. Ta soya naman da albasa da citta, ta tatso madarar kwakwa ta zuba, cokon ya biyo baya, ya dahu ya yi laushi. Duk wannan aiki tana jin muryar Mama Wari a bakin rafi tana kiran kaza.

Mijinta Kaupa ya dawo cin abincin rana yana baza hanci.

"Kaza ranar Talata? Ko fasto ne zai zo ba ki faɗa mini ba?"

Ta zuba masa da dafaffen dankali, ita ba ta ci ba.

"Ki kai wa Mama Wari mana," in ji shi, baki cike. "Ba ita ta kawo cokon ba?"

Ambai ta zuba cinya a kwano ta tafi. Ta sami tsohuwar a tsugune gaban kwando, ta lulluɓe ƙwan da tsohuwar rigar sanyinta. Mama Wari ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallon cinyar.

"Ni ce na kashe kazarki, Mama," Ambai ta ce. "Jifa na yi. Sannan na yi miki ƙarya."

Tsohuwar ta mayar da murfin.

"Da kin kawo mini ita da gashinta, da ni zan taya ki figa. Tun safe nake yawon nemanta da wannan gwiwar mai ciwo."

Ƙwan ba su ƙyanƙyashe ba. Ranar Asabar Ambai ta sayo budurwar kaza a kasuwa ta kai mata. Mama Wari ta karɓa, ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta ce ba laifi. Suna gaisawa har yau, amma gaisuwar ba ta wuce shinge.