Alhaji Ba Ya Tafiya a Ƙasa

Ɗanliti a Kaoje ya tashi, ɗan manoman shinkafa, kuma har ya shekara talatin bai san wani abu wai shi gajiya ba. Sai Allah ya buɗa masa. Ya koma Bagudo ya kafa injin casar shinkafa, ya sayi mota, ya je Makka ya dawo Alhaji. Daga nan ƙafarsa ta samu hutu. Mota ta kai shi injin, kujera ta karɓe shi a gindin fanka, kafin la'asar ya shanye lemon kwalba uku ko huɗu. Tumbi ya fito, mutane suka ce arziki ya zauna, shi ma ya yarda da su.

Yana da hamsin da biyu ya taka ƙusa a bakin injin bai ji ba, sai jini ya gani a takalmi. A asibiti, nas Morenike, Bayarabiyar da ta shekara ashirin a garin, ta auna jininsa. Ba ta ɓoye masa komai ba.

"Alhaji, ciwon suga ne, ya fara kashe maka ƙafa. Ga magani, ka bar lemo. In raunin ya warke, kullum ka yi tafiyar awa ɗaya a ƙasa. In ba haka ba, wata rana yanke ta za a yi."

Ya ji tsoro ƙwarai. Lemo dai a ranar ya bar shi. Tafiyar ce ta zama aiki.

Ran farko bai yi taku ɗari ba wani ɗan kabu-kabu a kan babur ya ci birki a gabansa.

"Subhanallahi! Alhaji, mi ya samu mota? Hau in kai ka."

"Motsa jiki nika yi."

Mutumin ya dube shi da tausayi, ya wuce yana waiwaye. Shida suka tsaya masa kafin ya kai kasuwa. Na bakwai limamin unguwarsu ne a kan tsohon babur, shi kuwa ba a yi masa musu. Ɗanliti ya hau.

Mutanenmu ke nan. Kirki ya yi musu yawa, bakinsu kuma bai iya zama ba. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kende da Geza cewa Alhaji ya karye, har mota ya sayar. Manoma suka fara kai shinkafarsu wani injin, don ba mai son ajiye amfaninsa a hannun wanda ya faɗi.

Sai ya sake dabara. Ya tuƙa mota zuwa wata hanyar daji can wajen iyakar Benin, inda ba a san shi ba, ya ajiye ta ya kama tafiya. Kwana uku ya samu. A na huɗu masu tsaron iyaka suka tare shi. Babban mutum da babbar riga, mota a ajiye cikin daji, yana kai da komo ba kaya, wa yake jira? Ya yi bayani. Suka saurara da ladabi, sannan suka caje motar har ƙarƙashin kujeru. Ya dawo gida da kunya, ya ce shi da tafiya har abada.

Wata biyu yana zaune, mutuwar ƙafar tana hawa sama. Matarsa Rahmatu ta yi magana ta gaji, ta buga wa mahaifiyarsa waya. Washegari Inna Hussaina ta aiko daga Kaoje ya zo.

Ta haura saba'in, busasshiya, har yanzu kullum sai ta je fadama. Da ya isa, ba ta tambaye shi jiki ba. Ta nuna masa kwandon abincin masu dashe, ta ce ya ɗauka. Ya aza a ka, ta shiga gaba.

Wani mai babur ya rage gudu, ya ga mutum ne ɗauke da kayan uwarsa. Ya ce, "Allah shi yi albarka, Alhaji," ya wuce. Ashe ga hanyar da ba mai tare shi.

Sai dai hanyar fadamar da yake gudu a kanta yana ɗan saurayi ta yi masa tsawo. Gumi ya jiƙe rigar, numfashi ya ƙi isa. Tsohuwa tana ta ƙara nisa. Bai kai rabi ba ya sauke kwandon ya zauna a kan kunyar gona, yana haki.

Ta juyo ta dawo, ta tsaya a kansa. Ya yi zaton faɗa za ta yi, sai ya ga idonta ya cika.

"Ɗanliti, ɗiya huɗu na binne suna ƙanana, don ba mu da asibiti. Kai ga asibiti, ga mota, ga komi. Ba ni iya binne na biyat. Tashi."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya kai hannu ga kwandon.

Ta ce, "Gobe ma ka taho. Ni kam kullum ina zuwa."