Ƙullin Gwadabe

A gidan Hajiya Zakiya da ke unguwar Abhur a Jidda, abu biyu aka san Gwadabe direba da su. Ba ya saɓa umarni, kuma idan ya ƙulle bakin leda babu mai iya kwancewa sai shi. A tashar jiragen ruwa ya koyi ƙullin, lokacin da yake dakon buhuna. Duk ranar da ya dawo daga cefane, sai Hajiya ta yi ta fama da farce da haƙori, ƙarshe ta ɗaga murya a kawo mata almakashi.

"Ya Gwadabe, tumatir ne a ciki, ba fursuna ba."

"Don kada ya zube ne, Hajiya."

Hajiya Zakiya haifaffiyar Jidda ce. Kakanta ne ya zo aikin hajji daga Katsina da ƙafa, bai koma ba. Ita ce kafilin Gwadabe, da sunanta ake sabunta iƙamarsa, wato takardar zamansa, kuma ita ce ta farko a ƙasar nan da ta taɓa tambayarsa sunayen 'ya'yansa.

Mijinta, marigayi Abdulghaffar, ya yi shekara arba'in yana jefa ƙugiya daga wata tsohuwar gadar katako da ta shiga cikin teku a bayan unguwarsu. Da aka yi sadakar bakwai, ta kira Gwadabe ta miƙa masa ragowar burodin karin kumallo.

"Ya ci nasu shekara arba'in, yanzu su ci namu. Kullum da safe ka kai wa kifi. Ladan na Abdulghaffar ne."

Ranar farko Gwadabe ya tsaya a ƙarshen gadar, ya yi bismilla, ya watsa. Kafin burodin ya jiƙe, fararen tsuntsayen teku sun sauko sun kwashe fiye da rabi. Sauran kuma igiyar ruwa ta maido shi gaɓa, wani mai motsa jiki ya bi ta kai da takalmi. Gwadabe ya ji kamar shi aka taka. Burodi ni'ima ne, ba a taka shi. Sannan kifi aka ce masa, ba tsuntsu ba. Idan aka aike ka da abinci gidan wani, maƙwabcinsa ya tare ka a hanya ya cinye, ka isar da saƙo ke nan?

Kwana biyu yana juya maganar, sannan ya samo mafita. Ya zuba burodin a shuɗiyar ledar da ake sayo shi a ciki, ya ɗauki farar tsakuwa ɗaya daga cikin waɗanda aka kewaye furannin Hajiya da su, ya jefa ciki don nauyi, ya ƙulle. Ledar ta nutse kai tsaye, tsuntsayen suna kewayawa suna kururuwar banza. Kifi dai yana da haƙora, ya taɓa gani a kasuwa. Zai yaga ya ci.

Haka aka yi shekara uku. Hajiya ta lura tsakuwar lambunta tana raguwa, ta ɗora laifin a kan kyanwoyin unguwa.

Sai jikarta Shahad ta gama karatun ilimin halittun ruwa ta dawo gidan da zama. Tana jin Hausa sarai, amma idan za ta yi magana sai ta sa Larabci ya tallafe ta. Cikin mako guda ta hana leda shiga gidan. Ta kawo jakunkunan yadi, ta kwashe ƙananan gorunan ruwa na roba, ta ba kowa kwalbar ƙarfe. Gwadabe ya fi kowa goyon bayanta. Shi mutum ne da idan ya ga an cillo gora ta tagar mota sai ya bi mai motar da hon. Ledar burodi kaɗai ya ci gaba da ɓoyewa a bayan kujerarsa, don a ganinsa wannan ba shara ba ce, sadaka ce.

Wata Laraba yana kai ta taro, suka tsaya a danja, ta miƙo masa waya.

"Shuf, ya Ammi. Wannan kififiya ta mutu, an buɗe cikinta, leda goma sha ɗaya."

"Subhanallahi. Ba ta tauna ba ne?"

"Ba ta taunuwa. Ba ta narkewa. Shekara ɗari, ɗari biyu, tana nan."

Gwadabe ya gyara zama. "To kifi fa? Misali a ce akwai abinci a ciki. Ai zai yaga."

"Kef zai yaga? Yana da hannu?" Ta yi dariya. "Abincin ya ruɓe a ciki, halas. In ya yagi kaɗan ma ya haɗiye, shi ne ajalinsa."

"Ko da an yi bismilla?"

Ta dube shi ta madubi. Na baya suka fara hon. Da ya ja motar ta ƙara da cewa ranar Asabar ƙungiyarsu za ta kawo masu nutso su share ƙarƙashin tsohuwar gadar da kakanta yake kamun kifi, kuma shi zai kai su.

Washegari ya nemi izini ya tafi unguwar Sharafiyya wurin amininsa Zaharadden tela, wanda ya yi karatun littattafai kafin ya zo ƙasar, yake kuma ba da fatawa kyauta ga duk wanda ya kawo ɗinki.

"Malam, tambaya ce a kan wani mutum."

"Wane mutum?"

"Wani dai. An ba shi sadaka ya kai wa kifi, sai ya ƙulle ta a leda."

Zaharadden ya dakatar da keken. "Me ya sa ka ƙulle?"

"Ban ce ni ba ne."

"Gwadabe, a Jidda kaf wa yake ƙulle abin da ba ya gudu in ba kai ba? Sau nawa?"

"Kullum. Shekara uku."

Tela ya cire tabarau, ya kifa kansa a kan keken. Kafaɗunsa suka yi ta rawa don dariya. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Ni abin da nake so in sani," in ji Gwadabe, "ladan ya isa wurin mamacin ko bai isa ba?"

"Ita ta yi niyya, ta fitar da abin daga hannunta. Allah ba ya tauye mai niyya."

"To ni fa?"

"Kai ma ka yi niyya. Sai dai niyyarka tana ƙasan teku da dutse a ciki." Ya sake kifa kai. Da ya natsu ya rage murya. "Saurara. Yaushe iƙamarka za ta ƙare?"

"Wata biyu."

"To ka ja bakinka. Teku ba ta ba da shaida. Matar nan, sadakar mijinta aka taɓa, in ranta ya ɓaci, fita ce ta ƙarshe za ta buga maka, ka tsinci kanka a filin jirgi da jaka ɗaya. Ka daina daga yau, ka yi istigfari, shi ke nan."

Gwadabe ya koma Abhur yana tuƙi a hankali. Shawarar tana da kyau, shi ya sa ta dame shi. Mutumin da ya yi ɓarna da mugun nufi ya san abin da zai tuba a kai. Shi kuwa me zai ce ya bari? Biyayya? Girmama burodi?

Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta ce ita ma za ta je. Aka kafa mata kujera a gindin gadar, aka ba ta laima. Matasa kusan talatin sun zo da safar hannu, masu nutso huɗu suka goya tukwanen iska suka shige ruwa. Gwadabe ya tsaya bayan kujerar Hajiya yana fatan igiyar ruwa ta yi masa sutura ta kwashe komai zuwa Sudan.

Aka fara fito da tayar mota, da goruna, da kujerar roba mai ƙafa uku, da tarin igiyar ƙugiya. Ya fara samun numfashi. Sai wani mai nutso ya ɗago kai daga daidai ƙarshen gadar, ya cire abin bakinsa ya yi kira a miƙo masa babbar raga.

Ragar ta fito cike da shuɗɗan ledoji, kowace da ƙullinta, gansakuka ta lulluɓe su. Aka juye. Aka mayar da ragar, ta sake fitowa a cike. A karo na shida tarin ya kai ƙugun Shahad, mai nutson kuma ya ce akwai saura da yawa, sun danne murjanin da ke wurin har ya yi fari ya mutu.

"Min haza?" in ji Shahad. "Wane irin mutum ne wannan? Wuri ɗaya, leda iri ɗaya!"

Maƙwabcinsu Abduljalil, dattijo mai sanda, ya matso ya taɓa ɗaya da bakin sandar, ya ja da baya da sauri.

"Kada wanda ya taɓa! Ku dubi ƙullin. Wannan sihiri ne. A teku ake jefa irinsa don kada a warware."

Nan take matasan suka dare. Wata yarinya ta cire safar hannunta ta yar. Dattijon ya fara karatun neman tsari da ƙarfi, wasu suka bi shi. Gwadabe ya ji wani sanyi ya sauko masa. Ga ƙofa Allah ya buɗe. Matsafi ba shi da iƙama, ba a korarsa, ba ma a san fuskarsa ba. Har leɓɓansa sun fara bin karatun.

Sai ya dubi Hajiya. Ta sauke laimar tana kallon tarin.

"A nan Abdulghaffar yake zama," ta ce a hankali. "A daidai nan. Wa ya tsane shi haka? Me ya yi wa mutane?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce a miƙo mata ɗaya. Abduljalil ya hana, ta ce ita ta girmi tsoro. Shahad ta ɗauko da yatsa biyu ta ajiye mata a cinya. Hajiya ta sa farce, ƙullin ya ƙi. Ta juya shi, ta sake gwadawa. Ta kai shi kusa da bakinta, ta fasa. Sannan hannunta ya tsaya cak. Ta daɗe tana kallon ƙullin. Ba ta waiwayo ba.

"Ya Gwadabe. Zo ka gwada."

Ya zagayo ya durƙusa. Idon kowa yana kansa. Abu ne mai sauƙi ya ɗan ja nan, ya ja can, ya girgiza kai ya ce a kawo almakashi. Wata biyu, da 'ya'ya huɗu a gida. Ya kama gajeren kunnen ƙullin, wanda ba mai lura da shi, ya ja sau ɗaya. Ledar ta buɗe. Baƙin ruwa mai wari ya zubo, farar tsakuwa ta gangaro ta tsaya a gefen takalmin Hajiya.

"Ba sihiri ba ne," ya ce. "Burodi ne. Ni ne."

Karatun ya tsaya a tsakiya. Ya yi bayani yana kallon ƙasa: tsuntsayen, da mai takalmin, da haƙoran kifin da ya gani a kasuwa. Shahad tana fassara wa sauran da Larabci, tana tsayawa tana rufe baki. Abduljalil ya tambaya sau biyu ko an tabbata, kamar an ƙwace masa wani abu.

Hajiya ta ɗauki tsakuwar ta goge da gefen mayafinta.

"Shekara uku ina zagin kyanwoyi."

"Ki gafarce ni, Hajiya."

"Shekara uku kifin Abdulghaffar suna kallon abinci ta taga." Muryarta ta karye, Gwadabe ya runtse ido yana jiran maganar filin jirgi. Sai ya ji wani sauti. Dariya take yi, hawaye yana bin kumatunta. "Wallahi da yana raye da ya faɗa ruwan nan don dariya. Ya miskin! Wa ya ce maka tsuntsu ba halittar Allah ba ne?"

"Kifi kika ce, Hajiya."

"Na ce kifi. Na'am, na ce kifi." Ta share ido. "To ji hukuncinka. Ba mai sa almakashi a kan ko ɗaya. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance, duka. Ledar ka ba Shahad, tsakuwar ka wanke ka mayar mini lambu. Yalla."

Har la'asar yana zaune a kan gadar yana jan gajeren kunne, matasa sun kewaye shi suna ɗaukar hoto, wasu suna roƙon ya koya musu. Shahad ta tambaye shi ko zai yarda ya ba da labarin da bakinsa a taronsu na gaba. Ya ce zai yi tunani. Hajiya ta ce ya yarda.

Washegari da safe su uku suka je ƙarshen gadar. Burodin yana cikin jakar yadi. Gwadabe ya yi bismilla ya watsa, tsuntsayen suka sauko kamar sun yi shekara uku suna jiran wannan rana. Ya cije leɓe. Wani ɗan gutsure ya tsira ya fara nutsewa, wani abu mai walƙiya ya taso daga ƙasa ya ɗauke shi.

"Sitti," Shahad ta ce wa kakarta, "a gaskiya burodin ma kansa, ga cikin kifi, ba shi da..."

"Ke," in ji Hajiya, ba ta ɗauke ido daga ruwan ba. "Ɗaya bayan ɗaya."

Gwadabe ya naɗe jakar yadin. Hannunsa ya kama bakinta zai ƙulle, ya tuna, ya bar ta a buɗe.