Ƙafar da Ta Daina Ciwo

Wayar ta yi ƙara Inna tana min fifita, ranar da na cika kwana huɗu a kwance. Tun asuba ƙafata ta hagu ta yi shiru. Kwana uku ina ihu ina cizon matashi, sai na wayi gari ba na jin komai daga ƙwauri zuwa yatsu. Don murna, Inna har sadakar ƙosai ta yi.

Sunana Sufyanu. Kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Ƙaura da Kasuwar Daji tun da na bar makaranta a aji biyu, don ni zaman wuri ɗaya ciwo ne a wurina. Ranar kasuwa na ɗauko buhun gero biyu, ina gudu don in riga abokina Muhtari isa, tayar gaba ta fashe. A asibiti aka ce ƙashi ya karye. Kafin a sa min filasta, Kawu Jafaru, yayan Inna, ya iso ya ce asibiti yanke ƙafa kawai suka sani. Ya sa hannu a takarda, ya maido ni gida. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera karare, ya naɗe da tsumma tamau, ya ce kada kowa ya taɓa sai bayan kwana bakwai.

Inna ta amsa wayar, na danna mata yadda za mu ji tare.

"Salamu alaikum, Inna. Rashida ce daga asibiti, ma'aikaciyar jinya. Bincike muke yi. Duk wanda ya zo mana da haɗari muna kiransa mu ji yadda ya ƙare, har waɗanda suka tafi gida. Yaya Sufyanu?"

"Alhamdulillahi, ɗiyata, sauƙi ya samu. Ciwon ma ya ɗauke ɗungum."



"Ɗungum? Inna, duba min yatsunsa. Wane launi ne?"

"Sun yi duhu kaɗan. Maganin mai ɗori na."

"Taɓa su. Da ɗumi?"

Inna ta taɓa. Na ga fuskarta ta sauya.

"Sanyi ƙalau."

"Inna, wannan ba sauƙi ba ne. Ɗaurin ya hana jini sauka, ƙafar mutuwa take yi. Ku kwance shi yanzu, ku kawo shi."

Kawu yana bakin ƙofa yana ji. Ya leƙo, ya kira Inna da sunanta.

"Indo, kar ki soma! Yarinyar da ba ta taɓa ganin ƙahwar ba, ita za ta hi mai ɗori sani? Ɗori nawa mutumin nan ya yi a garin ga?"

"Yaya, kai ma zo ka taɓa."

"Ba ni taɓawa. Kwana ukku sunka rage."

Ban taɓa ganin Inna ta yi wa Kawu musu ba. Ba ta kuma yi ba a ranar. Tashi kawai ta yi ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, ta durƙusa, ta ce bismillahi, ta yanke tsumman. Wari ya tashi. Kawu ya toshe hanci, ya fita da kansa neman Muhtari ya zo ya kai ni asibiti.

* * *

Sau biyu aka shiga da ni tiyata. Yatsu biyu suka tafi, ƙafar ta tsira. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, daga gwiwa za a yi magana. Kawu kullum yana zuwa da fura, ya ajiye, ba ya kallon ƙafar.

Malama Rashida ƴar siririyar mace ce mai tabarau, ta tsaya a bakin gadona tana dariya.

"Kai ne sarkin gudu?"

"Na yi murabus, Malama."

Ta ce mutum sittin da ɗaya ne a takardarta, goma sha huɗu wayarsu ba ta shiga. Na rasa abin da zan ba ta. Sai na ce idan na warke, ni zan kai ta garuruwansu, a hankali. Ta ce sai da hular kwano. Na ce na ji.

* * *

Bayan wata biyar muka isa wata ruga a gefen Birnin Tsaba, muna neman Imrana, makiyayi, wanda shi ma aka fitar daga asibiti zuwa ɗori. Wayarsa ce ta farko da ta ƙi shiga.

Muka same shi a inuwar marke yana tufka igiya. Ƙafar wandonsa ta dama an ƙulle ta a gwiwa. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo nono. Malama tana tambaya tana rubutawa, ni kuwa na ja ƙafata ƙarƙashin benci, ina ta hamdala a zuci, ina jin kunyar yin ta a gabansa.

Ana cikin haka aka buɗe garke, shanu suka nufi daji. Imrana ya yanke maganarsa, ya lalubo sandarsa, ya yunƙura zai tashi. Ya tsaya a hakan ɗan lokaci, sannan ya koma ya zauna, ya ɗauki igiyarsa.

"Ina munka tsaya, Malama?"