Auta Ya Koma Fili

Ƙarar haɗuwar kawunan nan biyu har bakin fili an ji ta. Mai Walda yana ƙarƙashin tarin mutane, fuskarsa cikin taɓo, gwiwar wani ƙato a kan haƙarƙarinsa, amma ya ji ta, kamar guduma ta sauka a kan bututun ƙarfe. Da ya zame ya miƙe, sai ya hango ƙaninsa Auta, wanda ya yi karon da ɗan wasan abokan hamayya, kwance rigingine kusa da layi, hannu ɗaya a sandare a sama, ƙwallon tana gangarawa ita kaɗai.

Alƙalin wasa ya busa usur. Mai Walda ya ruga, amma Mai Kemis ya riga shi isa da jakarsa ta bandeji da man zafi. Shi ne likitan kulob ɗin, don shi kaɗai ne a cikinsu ya san sunan magani fiye da na ciwon kai.

Kulob ɗin nasu na zari-ruga, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ba na masu albashi ba ne. Akwai mahauci, da direbobin tifa, da malamin firamare, da masu gadi. In an tashi aiki sai su haɗu a filin da ke bayan tsohon sito, su yi ta kokawa da juna har duhu ya kore su. A da ƙungiya uku gare su: ta manya, ta biyu, da ta matasa. Bana matasan suka watse suka koma ƙwallon ƙafa, ta biyu ta mutu saboda ba a samun mutum sha biyar, ta manya kuwa aka yi ta lallasa ta tun farkon kakar wasa, gida da waje, har ta ƙare a gindin tebur. Wasan yau shi ne na raba gardama: wanda ya ci ya zauna a rukuni na biyu, wanda aka ci ya gangara na uku. Masu filin sun riga sun faɗa ba ɓoye-ɓoye, ba za su bar fili saboda 'yan rukuni na uku ba, tashar manyan motoci za su mayar da shi. Turakun ragar da ke filin kuwa Mai Walda ne ya yanka su ya liƙe da hannunsa tun yana saurayi, kuma tun da kocinsu ya yi ƙaura shi ne kyaftin, shi ne koci.

Auta ya buɗe ido. Mai Kemis ya tallafo kansa, ya ce, "Kalle ni. Ina muke?"

"A fili mana."

"Yau wace rana ce?"

Auta ya washe baki. "Ranar da zan aske maka gemun nan da ya koma tsintsiya. Kullum sai ka ce gobe."

Waɗanda suka kewaye su suka kwashe da dariya, don Auta mai aski ne, kuma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Mai Kemis bai yi dariya ba. Ya ja Mai Walda gefe.

"Kyaftin, ya suma. Na ga idonsa da na iso, fari ne fat. Bai amsa tambayata ba, zillewa ya yi. Cire shi."

Mai Walda ya dubi bencinsu. Ba kowa a kai sai jarkar ruwa. 'Yan canjin da suka zo da su duk sun riga sun shiga. Ana gabansu da maki huɗu, kuma a duk cikin ƙattin nan masu tumbi Auta ne kaɗai mai gudu.

Auta ya miƙe yana kaɗe wando. "Yaya, lafiyata ƙalau. Wallahi ka cire ni ba ni ba kai."

Alƙalin wasa ya ƙaraso yana duba agogo. Yana can nesa sa'ad da abin ya faru. Ya ce, "Kyaftin, ya suma ne? In ya suma ka san doka, ba ya komawa."

Mai Walda ya ji idon Mai Kemis a ƙeyarsa. Ya tofar da ƙasar da ke bakinsa, ya ce, "Numfashi ne ya sarƙe masa. Ya wuce." Ya dafa kafaɗar ƙaninsa. "Koma wurinka."

Aka ci gaba. Wasan ya zama na turereniya cikin taɓo, ba kyau ba fasali, kowa na nishi kamar sa a mahauta. Sau biyu Mai Walda ya waiga ya ga Auta tsaye inda bai kamata ba, yana kallon sama, sai an daka masa tsawa ya dawo. Ya kawar da kai. Ana daf da tashi ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan wasan can, Mahauci ya tsince ta ya wurga gefe ba tare da ya duba ba, ta faɗa hannun Auta. Ya kwasa. Ya goce wa na farko, na biyu ya cafko rigarsa ta yage, ya faɗa bayan layi da ƙwallon a ƙirjinsa. Maki biyar ke nan, sun wuce da ɗaya. Usur ya tashi.

Mai Walda ya durƙusa a tsakiyar fili ya yi kuka kamar yaro. Maza suka ɗaga Auta sama suna ihu.

A cikin bas, kan hanyar komawa gida, ana ta waƙa ana dukan jikin mota. Auta na zaune gefen yayansa, ya jingina kai da gilashi.

"Yaya, mun ci?"

"Kai ma ka san mun ci, ɗan banza."

Suka wuce gada. Auta ya juyo. "Yaya, mun ci kuwa?"

Kafin Mai Walda ya amsa, Auta ya sunkuya ya kelaya amai a kan takalmansu. Wani daga baya ya ce, "Ango ya sha gudu!" don Auta bai daɗe da aure ba. Amma Mai Kemis ya riga ya tsallako kujeru yana yi wa direba ihu ya juya asibiti. Kan Auta ya faɗo a cinyar yayansa da nauyi, yana wani irin minshari. Waƙar ta mutu daga gaba zuwa baya.

A asibiti aka tura shi a gadon taya, ƙofa ta rufe. Maza goma sha wani abu suka tsaya a baranda cikin riguna masu taɓo, mai shara tana harararsu. Can likita ta fito, wata doguwa mai tabarau, ta ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansa, sai an buɗe yanzu-yanzu. Ta tambayi wane ne ɗan'uwansa. Mai Walda ya sa hannu a inda aka nuna masa.

"Da ya bugu, ya ci gaba da wasa?" in ji ta.

"Ya ci gaba."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta koma.

Ummansu ta iso da matar Auta, wadda cikinta ya fara turo riga. Umma ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a benci ta kama hannun babban ɗanta, hannun da tartsatsin walda ya gama huhhujewa, ta riƙe shi gam.

"Na san ka hana shi," ta ce. "Na san halinsa. Tun yana rarrafe in aka ce bari, nan zai nufa. Kada ka ɗora wa kanka, ka ji ko? Kai ka yi naka."

Mai Kemis na tsaye jikin bango, jakarsa a rataye. Mai Walda ya ɗaga ido suka haɗa, ya sauke. Ya bar hannunsa a cikin na Umma.

Sai rana ta uku da hantsi Auta ya farka sosai. An aske masa rabin kai, askin da da shi ya ga wani ya yi da sai ya zage shi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa tana fita a hankali kamar mai tauna ta. Likita ta ce ransa ya tsira. Wasa kam ya gama. Hannun dama kuwa sai an ga abin da gashin ƙashi da motsa jiki za su yi, ba ta yi alkawari ba. Matarsa ta sa masa cokali a hannun, ya zame ya faɗi a kan zanin gado. Ta ɗauke da sauri ta ce ai ma abincin bai huce ba.

Abokan wasa suka zo da ƙwallon da ya ci da ita, kowa ya sa mata hannu da biro. Suka ba shi labarin gudun da ya yi, Mahauci har da kwatantawa a tsakanin gadaje. Auta ya saurara kamar labarin wani. Iyakar abin da yake tunawa shi ne ɗaura takalminsa da safe.

Da suka fita, ya rage daga Umma sai Mai Walda sai Mai Kemis a bakin ƙofa. Auta ya juyo da kai da ƙyar.

"Yaya."

"Na'am."

"Umma ta ce ka hana ni komawa, na ƙi ji." Ya haɗiye yawu. Hawaye ya gangaro ta gefen da bai karkace ba. "Ka yafe mini. Na ja maka wahala."

Mai Kemis ya gyara ratayar jakarsa, ya jira. Umma tana kallon babban ɗanta, tana gyaɗa masa kai ya amsa wa yaron.

Mai Walda ya ja bargo ya rufe wa ƙaninsa hannun daman.

"Ba komai, Auta," ya ce. "Na yafe."

Da ya waiga, ba kowa a bakin ƙofar.